Karen Gadi Mai Gyambo A Ƙafa: Mene Ne Haƙƙinsa A Kan Mai Shi?

 Maganar da za mu yi a wannan fili yau waɗansu za su ga kamar ba ta kai a ɓata mata tawada ba, watau maganar karen da ya sami miki a dagi, wato tafin ƙafarsa, mikin ya ƙi warkewa har ya zama gyambo. Amma duk wanda ya bi hanyar da ta taso daga Tsafe ta ratsa Gusau ta wuce Bunguɗu, ya kuwa lura da abin da ke ɗaure a ƙofofin gidaje da bakin sito da garake, zai san cewa tambayar ta shafi mutane da yawa.

A da can, a ƙasar Zamfara, kare abin mutum uku ne: mafarauci, da makiyayi, da manomin da birai suka dama a gindin duwatsu irin na Kwatarkwashi. Mutumin birni bai cika kula da shi ba. To, tun daga wajen shekarar 2011 da satar shanu da fashin daji suka yi tsanani a wannan jiha, sai al'amari ya sake. Ɗan kasuwa mai sito cike da hatsi ya nemi kare. Ma'aikacin gwamnati da ya gina gida a bayan gari, inda maƙwabta suka yi nisa, shi ma ya nema, har waɗansu sukan sayi irin na ƙasashen waje da kuɗi masu yawa. Kare ya kwana yana haushi, maigida ya kwana yana barci. Ran da ƙaya ta soke shi kuwa, ya fara ɗingishi yana lasar ƙafa dare da rana, sai maigidan nan ya tuna cewa shi mai salla ne, kare kuma najasa ne, ba ya taɓuwa. Sai a sa yaro ya tsaya daga nesa ya kwarara masa baƙin mai. In bai warke ba a kwance shi a kai bayan gari a yar, a nemo wani.

Wannan uzuri na najasa shi ya kamata mu fara dubawa, domin a mazhabar Imamu Malik, wadda ita aka karantar da mu a zaurukan malamanmu tun kaka da kakanni, ba shi da ƙafar tsayawa. Ɗalibin da ya kai Iziyya ya riga ya karanta cewa duk abu mai rai tsarkakakke ne, mutum ne ko dabba, haka nan guminsa da yawunsa da hawayensa. Shehu Halilu ya tabbatar da wannan a Muhtasar, masu sharhinsa kuma suka bayyana cewa kare yana ciki. Hadisin da ya yi umurni a wanke ƙwarya sau 7 idan kare ya sa baki a cikinta ingantacce ne, yana cikin Muwaɗɗa ma, amma Malikawa sun ɗauke shi a kan ta'abbudi, watau umurnin da ake bi saboda biyayya, ba don yawun najasa ne ba. Hujjar Malik, Allah Ya yi masa rahama, mai ƙarfi ce: a aya ta 4 ta Suratul Ma'ida Allah Ya halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali kuwa da baki yake kamowa. Har wa yau Buhari ya kawo daga Abdullahi ɗan Umar cewa a zamanin Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, karnuka kan shiga masallaci su fita, ba a bin sawunsu da yayyafin ruwa. Shafi'awa da Hambalawa sun saɓa wa wannan, suna ganin najasar kare mai kauri ce, sai an wanke sau 7, ɗaya daga ciki da ƙasa. Wanda ya natsu da ra'ayinsu bai yi laifi ba, amma ya sani ko a wurinsu ba a hana taɓa najasa saboda bukata ba. Abin da ake nema shi ne a wanke kafin salla, buta ɗaya ta ruwa da ɗan damƙin ƙasa kuwa sun isa.

Abin da yake najasa a wannan aiki, ko a wurin Malikawa, shi ne jinin da ya kwarara daga mikin, da mugunya, da fitsarin karen da kashinsa. Waɗannan in sun taɓa jiki ko tufa sai a wanke. An yi rangwame ga abin da bai kai faɗin dirhami ba na jini ko mugunya, dirhamin da malamai suka kwatanta da baƙar da'irar nan da ke cikin ƙafar gaba ta alfadari. Taɓa kare kuma ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala. Mai shakka ya koma Ahalari ya ƙirga su.

Wani zai ce, ai ajiye karen ma tun asali ba a so. Wannan magana tana da tushe. Ya inganta cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi ɗaya na lada kowace rana, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, shi ma ya taƙaita izinin a kan waɗannan uku, ya ƙara da cewa farautar ta zama ta neman abinci, ba ta wasa ba. Amma masu sharhin Risalar sun ba da labari cewa shi kansa, da katangar gidansa ta faɗi a wani zamani na tsoro, ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Malik ya ƙi wannan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ɗaura a ƙofa. Mutumin Tsafe ba ya bukatar a fassara masa wannan amsa. Ibnu Abdil Barri na Andalus, wanda ya rasu a 1071, shi ma yana ganin an halatta ajiye kare don jawo amfani da tunkuɗe cuta in bukata ta kama. Game da hadisin da ya ce mala'iku ba su shiga gidan da ke da kare, malamai sun yi saɓani ko ya haɗa da karen da aka yi izini da shi. Hanyar tsira ita ce a yi masa wuri a waje ko a garka, nesa da ɗakunan kwana da wurin salla.

Saboda haka mai kare bai wuce ɗayan mutum biyu ba. Ko dai yana da bukata ta gaskiya, to an yi masa izini, haƙƙin karen kuma yana wuyansa. Ko kuwa ya ajiye shi don ado da alfahari, to ladansa na raguwa kullum, haƙƙin karen kuma yana nan a wuyansa muddin igiyar tana hannunsa. Ba mu san wata hanya ta uku ba wadda mutum zai ci amfanin haushin kare sa'an nan ya kuɓuta daga ciwon ƙafarsa.

ABIN DA SHARI'A TA ƊORA WA MAI DABBA

Kowa ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Abin lura a nan shi ne tsarewar. Dabbar da ke yawo a sake tana da dabarunta, amma wadda ka ɗaure ka karɓe mata dukan dabara, ba ta da inda za ta kai kuka sai wurinka. Kowa kuma ya san hadisin Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, wanda Malik da Buhari da Muslimu suka ruwaito, na matafiyin da ya ga kare yana lasar danshin ƙasa don ƙishirwa, ya koma cikin rijiya ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hau, ya shayar da shi, Allah Ya gafarta masa. Da sahabbai suka yi mamaki ko akwai lada a kan dabbobi, sai aka sanar da su cewa akwai lada a kan kyautata wa kowane mai rai. Karen nan ba na matafiyin ba ne, bai taɓa yi masa gadin ko kwabo ba. To, ina ga wanda ya shekara yana tsaron dukiyarka?

Malaman fiƙihu ba su bar maganar a kan wa'azi kawai ba. A mazhabarmu ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in ba makiyaya, in ya ƙi kuwa alƙali ya tilasta masa ya ciyar ko ya fitar da ita daga hannunsa. Risala ta ce wanda ya kashe karen da aka yi izinin ajiye shi sai ya biya ƙimarsa, watau Shari'a ta lissafa shi cikin abin da ke da daraja. Shehu Izzuddini ɗan Abdussalami, babban malamin Shafi'awa wanda ya rasu a Masar a 1262, da ya jera haƙƙoƙin dabbobi a littafinsa na ƙa'idojin hukunce-hukunce, ya fara da cewa mai su ya ci gaba da ɗaukar nauyinsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Ko dokar Final Kod da aka fara aiki da ita a Arewa a 1960 ta sa azabtar da dabbar gida cikin laifuffuka. A ganinmu, wanda ya bar tsutsa tana cin ƙafar karensa, alhali yana da halin yi masa magani, bai yi nisa da mai kyanwar nan ba, ko da kuwa yana zuba masa tuwo safe da yamma.

DALILIN DA KE HANA MIKIN WARKEWA

Likitocin dabbobi suna cewa miki ba ya daɗewa haka kawai, lalle akwai abin da ke ciyar da shi. Mafi yawa a ƙasarmu shi ne abin da ya shige ya karye a ciki: ƙayar aduwa ko ta bagaruwa, tsidau, ƙarangiyar da kan maƙale tsakanin yatsu da kaka, tsinken karan dawa bayan girbi, ƙusa, ko fasasshiyar kwalba a bola. Bakin mikin yakan rufe a ɗauka ya warke, bayan kwana kaɗan ya kumbura ya fashe da mugunya. Haka zai yi ta yi muddin ƙayar tana ciki, ko da an ƙarar da maganin kanti guda a kansa.

Sai lasa. Jama'a sukan ce harshen kare shi ne maganinsa. Lasar farko takan share datti, amma lasar da ba ta yankewa kankare sabon nama take yi, ga baki cike da ƙwayoyin cuta. Karen da ke ɗaure wuni da kwana ba abin yi yakan mai da lasa sana'a, har fatar wurin ta yi kauri ta zama gyambo ko bayan asalin ciwon ya tafi.

Wurin kwanansa ma yana da nasa laifi. Akwai wani irin ƙuda da ke zuba ƙwai a yashi mai inuwa wanda fitsari ko kashi ya ɓata. Tsutsar ta ƙyanƙyashe ta shige fatar karen da ya kwanta, wurin ya tasa kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, bayan kamar kwana 10 ta faɗo ƙasa ta zama ƙuda, ta sake zuba wa karen wasu. Waɗansu ƙudajen kuma a kan buɗaɗɗen miki suke zubawa, musamman da damina. Ga kaska da ke ɓuya tsakanin yatsu, ga ƙazuwa. Da bazara, lokacin da zafin Gusau kan haura digiri 40, kwalta da daɓen siminti suna ƙona dagi kamar tanda, da hunturu kuwa yakan yi faso. Karen da ba ya samun komai sai ƙanzo da dusa jikinsa ba shi da abin da zai gina sabon nama da shi. In tsohon kare ne, kumburin kuma yana ta girma yana zub da jini, to yana iya zama ciwon daji, wannan kuwa ba aikin gida ba ne.

Mai son yin magani ya fara da takunkumi. Ko karen da ya fi kowane sabo da kai zai cije ka in ka taɓa inda ke yi masa zafi, wannan ba cin amana ba ne, zafi ne. A naɗe masa baki da ƙyalle mai faɗi a ɗaure a bayan kunnuwa, amma kada a daɗe, domin da haki kare ke sanyaya jikinsa. A sa safar hannu, in babu a sa leda. A rage gashin da ke kewaye da mikin, a tafasa ruwa rabin lita a zuba gishiri cokalin shayi ɗaya, in ya huce ya zama ɗumi-ɗumi a tsoma ƙafar minti 5 zuwa 10, safe da yamma. A duba tsakanin yatsu a hasken rana. Ƙayar da ake gani a cire ta da matsefatar da aka tafasa, wadda ba a gani kuwa kada a shiga tonon ta da reza. In ramin tsutsa ne a toshe shi da man basilin, numfashi zai ƙure mata ta leƙo, a matse ta a hankali ta fito ɗungum. Sa'an nan a wanke da aidin da aka surka da ruwa har ya yi launin shayi mara kauri, a tsane, a naɗe da bandeji mai tsabta wanda za a sake kullum. Kada a tamke, ɗaurin da ya hana jini gudu yakan kashe ƙafar da ake son ceto. Don hana lasa, a sami tsohon bokitin roba a yanke gindinsa a zura masa a wuya, zai ci ya sha amma bakinsa ba zai kai ƙafa ba. A mai da shi wuri busasshe mai inuwa, a riƙa sharewa, a ƙara masa ɗan nama ko kifi dafaffe.

Baƙin mai da fetur da kananzir da ruwan batir da fiya-fiya duk ƙona naman suke yi, karen kuma ya lashe su ya sha guba. Haka nan lalas da jan ƙarfe a kan miki ƙarin azaba ne. Maganin ciwon jiki na mutane, irin su ibuprofen da diclofenac, yana fasa cikin kare ya lalata masa ƙoda, kada a ba shi ko ƙwaya ɗaya. In an yi mako guda ba sauƙi, ko kumburi ya hau sama, ko wurin ya fara wari, ko karen ya ƙi abinci, to lokacin likita ya yi. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Gusau, akwai malaman dabbobi a ƙananan hukumomi, abin da ya fi ƙarfinsu kuma akwai asibitocin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ɗan kasuwa ya san lissafi, ya auna kuɗin magani da abin da ke cikin siton da ake gadi.

INDA CIWON YA WUCE KAN KARE

Akwai tambaya ɗaya da ya wajaba a yi tun kafin a taɓa ƙafar: shin mikin nan cizo ne? In wani baƙon kare ko dila ya cije shi, sa'an nan bayan makonni halinsa ya sake, ya kama gurguran wurin cizon, yana dalalar da yawu, muryarsa ta canza, yana kai wa kowa da komai cizo, ko kuwa muƙamuƙinsa ya saki, to a nisance shi a kira ma'aikata, domin ana tsoron ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan ciwo yana kashe mutum kamar 59,000 kowace shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kusan dukansu kuma daga kare suka samu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Wanda aka ciza, ko yawun irin wannan kare ya taɓa masa rauni, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ya tafi asibiti a ranar don allurai, kada ya tsaya jiran ya ga abin da zai faru. Shari'a ta yi izinin kashe kare mai cizo ko a cikin Harami, balle a Bunguɗu. Allurar rigakafi ta karnuka kuwa ana yin ta a ƙasar nan, a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom wadda aka kafa a 1924. Ana fara yi wa kare yana da wata 3, a riƙa maimaitawa shekara-shekara. Wanda ya ajiye kare a tsakiyar 'ya'yan maƙwabta bai yi masa wannan allura ba, ya ɗauki alhakin da ya fi na ƙafa nauyi.

Dattawan Zamfara kuma ba su manta da kurkunu ba, wanda kan kwantar da manomi a tsakiyar damina. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu shi a Nijeriya, aka yi ta yaƙi har aka ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shaida ƙasar ta rabu da shi a 2013. Amma a Chadi tun 2012 aka gano shi a jikin karnuka, har a 2019 aka sami kusan 2,000, yawanci a ƙafa yake fitowa, ana kuma danganta shi da ɗanyen kayan cikin kifi da ake watsa musu. Fatauci bai san iyaka ba. Duk wanda ya ga farin abu kamar zare yana fitowa daga mikin karensa, ya ɗaure shi nesa da tafki da rijiya, ya sanar da ma'aikatan lafiya nan take.

Saura karen da aka yi wa duk abin da za a iya, ciwo ya ci ƙashi, ba ya ci ba ya barci. Shehu Halilu ya kawo a babin yanka cewa ya halatta a yanka dabbar da ba a cin namanta idan an yanke ƙauna daga rayuwarta, masu sharhi suka ce don a hutar da ita. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu a Muslimu kuma ya wajabta kyautatawa ko a wajen kisa. Saboda haka ba a miƙa shi ga yara su jefe shi, ba a watsa masa guba a lungu inda kaji da ungulaye da ƙananan yara ke bi, ba a kuma yar da shi a bakin kasuwa yunwa ta ƙarasa shi. Likita yana da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba tare da wahala ba, sa'an nan a haƙa rami mai zurfi a binne. Sharaɗin dai shi ne yanke ƙauna, wanda zai faɗi haka kuwa likita ne bayan ya duba, ba maigida ba bayan ya duba aljihunsa. Sau da yawa abin da za a yi bai wuce a cire yatsa ɗaya ba, in ya yi tsanani a yanke ƙafar. Kare mai ƙafa uku yana tafiya, yana ci, haushinsa da dare kuma ba ya raguwa.